Wayoyi Biyu Masu Ruwan Toka

Asabar, 8 ga Maris 1986, bayan Magariba

Na gama aikin gidan Alhaji Buraima. In ban yabi kaina a littafina ba, a ina zan yaba? Duk Zongo babu mai irin wannan kaya, kai har unguwar Hanoukopé ban ga wanda ya yi ba.

Alhaji dillalin shanu ne, mutumin Dogon Dutsi, kuma yana son abu ɗaya ya yi masa aikin abu huɗu. Ampili guda, na'urar ƙara sauti, ya sayo daga Legas. Ya ce da shi za a ji rediyo a falo, da shi zai ji kaset a ɗakinsa, da shi kuma za a yi kiran salla a masallacin ƙofar gidansa. Da can sai an zare wannan waya an soka waccan, kullum abu na ƙonewa ana aiko min. Sai na haɗa masa makunni mai juyawa, na dasa shi a akwatin katako, a ɗan ɗakin da ke tsakanin masallaci da gida. Matsaya huɗu gare shi. Da yake daga Alhaji har ladan babu mai karanta boko, fenti na ɗiga a kowace. Shuɗi, rediyo a falo. Fari, rakoda a ɗakin Alhaji. Kore, makirfo zuwa lasifikar kan masallaci. Rawaya, rakoda zuwa lasifikar, saboda karatun Alƙur'ani na safiyar Juma'a.

Baba Tchakoura, ladan, ya tsaya a kaina da hannuwa a baya. Bakotokole ne daga Bafilo, yana kiran salla tun tsohon Zongo, kafin a tashe mu a kawo mu nan. Ya ce, "Injiniya, ni dai nuna min nawa." Na ce in zai kira ya juya kan kore, in ya gama ya mayar kan fari. Ya maimaita sau uku kamar yana biya allo: "Kore, kira. Fari, gida." Da Magariba ya kira, muryarsa ta fita tar.

Shuɗi na gwada, kore ya gwadu da kansa. Fari da rawaya ne ban samu ba, don rakodar tana ɗakin Alhaji, shi kuma ya kulle ya tafi kara, kasuwar shanu. Ko da a buɗe ne, ba a taɓa lasifikar masallaci tsakanin salla da salla. A nan in ta yi magana a irin wannan lokaci, to mutuwa aka yi. Ga kuma sakataren jam'iyya na unguwa ya aiko sau biyu, 'yan animasiyo, masu yi wa jam'iyya rawa da waƙa, na jiran in haɗa musu kayan sauti su yi gwajin rawarsu. Ba a barin irin wannan aike ya zo sau uku.

Ina tada mobilet, ɗan babur ɗina, sai ga Alhaji. "An gwada?" Na ce, "Duka, Alhaji."

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Wani abu ya faru a masallacin Alhaji.

Litinin, bayan Isha'i

Bari in rubuta yanzu.

Wajen ƙarfe uku, an daɗe da idar da Azahar, lasifika ta yi ƙara. Ina shago na ajiye abin da ke hannuna, masu shayi suka miƙe, mata suka leƙo ƙofofi, kowa na salati yana jiran ya ji wa ya rasu. Duk Zongo ta kasa kunne, irin kasawar da ba a yi wa wa'azi.

Sai muryar tsohuwa. Wasiƙar kaset ce, irin wadda mutanen Nijar ke aikowa ta hannun direbobi. Ta yi sallama, ta ce ita ce Kadidja, yayar Alhaji. Ta kira Alhaji da wani suna na yarinta wanda ba zan rubuta ba. Sannan ta shiga maganar mahaifiyarsu, da watannin da ta yi kwance, da sau nawa aka aiko masa, da abin da ya ce ya hana shi zuwa, da wanda tsohuwar take kira har ranta ya fita. Tana magana tana kuka. Da farko muryar ƙasa-ƙasa take, sai kuma ta yi ta hauhawa har kwanon masallaci na amsawa. Daga baya aka ce Alhaji, da yake kunnensa ya fara nauyi kuma ɗakinsa na can ƙurya ga fanka na juyawa, ya ji abin daga nesa-nesa, sai ya yi ta ƙara wa rakodar murya. Sai da Hajiya matarsa ta fito da gudu ba mayafi ta zare wayar wuta.

Babu wanda ya yi dariya a lokacin. Yanzu kam ana yi, a kowane teburin shayi.

Ajaratu ta tambaye ni ko kayana ne. Na ce wa matar tawa kayana ba sa haka. Ban ci tuwo ba, na ce zafi ne.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Alhaji ya aiko da safe in zo in duba. Bai fito ba, ta taga ya yi min magana. Jiya a cikin ruɗani kowa ya murɗa makunnin, babu wanda ya san inda yake sa'ad da abin ya faru. Baba Tchakoura ya ce kan fari ya bari. Alhaji ya ce kan rawaya ya kai shi, kuma da gangan, don kwanan baya sun yi 'yar sa-in-sa: Alhaji ya so a riƙa ambaton sunansa a lasifika ranar Juma'a, Baba ya ce shi Allah kaɗai yake kira a ciki.

Aka ba ni mabuɗin ɗan ɗakin makunnin. Na shiga ni kaɗai, na turo ƙofa, na kwance akwatin.

Ranar Asabar wayoyina masu launi sun ƙare. Wadda ta tafi ɗakin Alhaji da wadda ta tafi kan masallaci, duka da mai ruwan toka na ja su.

Na daɗe ina kallonsu. Jakar aikina na gefena, ƙarfen liƙi na ciki. Aikin bai fi minti biyar ba.

Da La'asar ta kusa, Liman da dattawa huɗu suka taru, Liman ya ba da izinin gwaji da kaset ɗin karatu. Aka juya kan fari, karatu ya fito a ɗakin Alhaji. Aka juya kan rawaya, ya fito a sama. Liman ya dube ni ya ce, "Malam Lukuman, kai ne masani. Me ka gani?" Na ce, "Kaya lafiya lau suke, Allah gafarta Malam."

Ban yi ƙarya ba. A lokacin da na faɗa, lafiya lau suke.

Baba Tchakoura yana tsaye a bakin ƙofa. Ya matso ya dubi ɗigon fentin, ya taɓa farin da yatsa, ya taɓa rawayan. Ya cire mabuɗi daga wuyansa ya miƙa wa Liman.

Laraba, 12 ga Maris, da hantsi

Yacouba, ɗan ƙanwar Alhaji, shi ke kira yanzu. Yana jan "Allahu Akbar" kamar zai kai ta Adakpamé ya dawo.

Alhamis, 13 ga Maris, bayan Azahar

Ban yi ƙarya ba. Na sake duba abin da na rubuta shekaranjiya, kuma haka ne.

Tsoho ne fa. Shekara saba'in da wani abu. Ko ba wannan ba, wata rana dole ya huta. Ni kuwa ina da iyali, kuma shago suna ne kawai. Ranar da aka ce Lukuman ya tona asirin Alhaji Buraima da hannunsa, ko fitilar hannu babu mai kawo min gyara. Sannan kayan sautin jam'iyya a hannuna suke. In aka ji wayoyina na kai magana inda ba a aike ta ba, sakatare ba zai tsaya tambayar launin waya ba.

Na karanta wannan sau biyu. Da wani ne ya kawo min hujjojin nan da na ce masa sun yi.

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe huɗu

Da safe aka sa karatu kan rawaya, ya fita daidai. Mutane uku sun yaba min aikin a hanyar masallacin Juma'a. Na ce Allah ne.

Alhaji bai fito ba har yau. An ce ya tura mota Dogon Dutsi, wurin yayarsa.

Na hango Baba a sahun baya, wajen takalma, shi da a da kafaɗarsa ke gogar ta Liman. Da aka sallame na fita ta ɗaya ƙofar.

Lahadi, 16 ga Maris, da yamma

Na canza hanyar zuwa shago. Tsohuwar hanyar ta ƙofar gidansu take bi, inda 'yarsa Assana ke sayar da koko da ƙosai. Sabuwar ta fi nisa, ga yashi, mobilet na tari. Na ce wa Ajaratu gyaran kwalbati ake yi a can. Ta ce ita da safe ta bi, ba ta ga kwalbati ba.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe biyu

Wani direba ya kawo rediyon mota. Na gama, na gwada sau huɗu, na rufe, na sake buɗewa na gwada. Ya ce, "Patron, maigida, aure za ka ɗaura mata ne? Ba ni in tafi." Na yi dariya don ya yi.

Talata, 18 ga Maris, bayan La'asar

Mako guda.

Alhamis, 20 ga Maris, bayan Magariba

Ajaratu ta ajiye min abinci, ta zauna, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba. Ta ce, "Baban Asiyatu, shekara goma sha huɗu ina wanke rigunanka. Na san ranar da ka yi liƙi da ranar da ka yi dubawa kawai. Rigar Talatar da aka yi gwaji akwai ɗigon darma a hannunta."

Na ce mata mace ba ta san aikin lantarki ba. Haka na ce, da bakin nan nawa. Ta ce, "Gaskiya ne, ban sani ba. Wanki na sani." Ta ɗauki tulunta ta fita.

Kunya nake ji. Ban taɓa rubuta wannan kalma a littafin nan ba, littafin da na saya don zanen wayoyi. Kunya nake ji, irin wadda ko tsayuwar salla sai in ji kamar ana kallon ƙeyata.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na je wurin Alhaji. Na zaɓi lokacin da babu kowa, wannan ma in faɗi gaskiya dabara ce. Ya rame. Ya ce in zauna, na durƙusa. Na faɗa masa: wayoyi biyu, launi ɗaya, na sarƙa su ranar Asabar, na warware ranar Talata kafin gwaji. Na faɗa a gurguje, ido a ƙasa, kamar mai shan maɗaci.

Ya dafa kaina. Ya ce, "Lukuman, kai ɗan halak ne. Tausayin tsohon nan ya kama ka, har kana so ka ɗauki kayansa ka aza wa kanka. Allah ya yi maka albarka. Amma da kunnena na ji gwaji, kuma kai da bakinka ka ce min ranar Asabar ka gwada duka. Yaushe ka fara ƙarya? Yau, ko?" Na ce, "Alhaji, wallahi..." Ya ce, "Kar ka rantse a kan abin da ba haka ba, ka ɗauki zunubi saboda wani. Tashi ka je."

Na tashi na tafi. Abin da ya fi damuna shi ne, a kan hanya na ji sanyi a raina. Na faɗa, ba a yarda ba, to laifin wa? Har na tsaya na sha lemo.

Litinin, 24 ga Maris, bayan Azahar

Alhaji ya ba Liman labari, Liman ya ba kowa. Yau bayan salla ya ce a yi koyi da Malam Lukuman, wanda ya so ya sayar da sunansa don ya rufa wa dattijo asiri. Mutane suka juyo suna kallona suna gyaɗa kai. Wani tsoho ya kama hannuna da hannu biyu. Da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ta in rufe.

Mai shayi ya ƙi karɓar komai a hannuna. Ya ce waliyyai ba sa biya.

Talata, 25 ga Maris, da safe

Ajaratu ba ta ce komai ba. Da ma ta yi faɗa.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Assana ta zo shago da kwano a rufe, ƙosai da zafinsa. Ta durƙusa ta ce ta zo godiya, ta ji abin da na yi wa babanta. Na ce ta tashi don Allah. Ta ƙi, sai da ta gama.

Na tambayi jikin Baba, don dole in ce wani abu. Sai ta fara hawaye. Ta ce, "Yaya Lukuman, ba korar ce ta dame shi ba. Shi ya ce yana ganin hannunsa yana mayar da abin kan fari, yana gani kamar yanzu. Amma tunda injiniya ya gwada a gaban jama'a, to kansa ne ya fara taɓuwa. Haka babansa ya yi, wai, da ƙananan abubuwa ya fara, ƙarshe har ɗaure shi ake da zane kar ya ɓata."

Ta ce yanzu in zai yi salla sai ta zauna a gefe tana ƙirga masa raka'a, don bai yarda da ƙirgensa ba. In ya kulle ƙofa sai ya koma sau biyar. Jiya ya tambaye ta ko ya ci abinci, alhali kwanon na gabansa. Ya daina karanta surorin da ya haddace tun yana yaro, wai kar ya ɓata maganar Allah bai sani ba. Ya ce a kai shi Bafilo tun yana gane mutane, ya mutu cikin danginsa. Ranar Lahadi za su tashi da motar safe.

Na ce Allah ya sawwaƙe. Ni, na ce Allah ya sawwaƙe.

Ƙosan na nan a kan tebur. Ƙudaje ma na kore su, ban san wa nake ajiye wa ba.

Alhamis, 27 ga Maris, bayan La'asar

Na kai har kwanar gidansu. Na ga tabarmarsa a waje. Na juya.

Juma'a, 28 ga Maris, bayan La'asar

Na sake kaiwa. Wannan karon har na kashe mobilet. Wani ya gaishe ni da "Malam Lukuman mai tausayi", na tayar na wuce.

Na lura da wani abu. Wurin Alhaji na iya zuwa, don Alhaji zai yi fushi ne kawai ko ya ƙi yarda. Baba kuwa zai yarda.

Asabar, 29 ga Maris, da rana

'Yan animasiyo sun yi gwaji a filin makaranta, na riƙe musu kaya awa uku a rana. Sakatare ya ce sautina babu na biyunsa. Gobe Lahadi.

Lahadi, 30 ga Maris, bayan Isha'i

Zan rubuta shi a jere, yadda ya faru.

Na isa tasha wajen ƙarfe bakwai. An riga an ɗora kayansu a saman motar Sokodé, inda za su kama ta Bafilo: akwatin ƙarfe da ƙunshin tabarma da buta. Baba na zaune a benci, Assana na riƙe da hannun rigarsa kamar za a sace shi. Ya gan ni ya yi murmushi. "Injiniya. Har da rakiya?"

Na durƙusa a gabansa, cikin yashi da ɓawon lemo, 'yan kamasho na ta ihu a kanmu. Wannan karon ban yi sauri ba. Na ce, "Baba, ranar Asabar ban gwada fari da rawaya ba. Na sarƙa wayoyinsu. Duk wanda ya sa kan fari, a sama za ta fito. Ranar Talata da aka ba ni mabuɗi na gani, na gyara, sannan na kira ku gwaji. Abin da na faɗa wa Alhaji ba tausayi ba ne. Haka aka yi."

Ya dube ni. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai tsaya. Ya ce, "To a kan me na bari?"

Na ce, "A kan fari, Baba."

"Bayan Azahar. Na kira, na juya. A kan fari?"

"A kan fari."

Ya juya wajen 'yarsa ya yi mata magana da Kotokolanci, ban ji ba. Ya sake juyowa. "Lukuman, ka ji tsoron Allah. Kar ka yi min irin alherin da ka je yi wurin Alhaji. In kaina ne, ka bar ni in tafi gida." Na ce ya ba ni Alƙur'ani in dafa. Ya ce ba sai an kai nan ba, in dube shi kawai. Na dube shi. Tun ranar Talatar nan ban dubi idonsa ba sai yau.

Sai ya rufe fuska da tafukansa. Na ɗauka kuka yake, kuma kukan ne, amma bakinsa na motsi. Karatu yake. Ya ja sura guda tun daga farko har ƙarshe, a nan kan benci, direba na ta oda, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya kai aya ta ƙarshe ya shafa, ya ce da Assana, "Daidai?" Ta ce, "Daidai, Baba." Ita kuwa kallon da ta yi min, gara mari.

Ya miƙe ya ce da yaron mota a sauke kaya. Aka yi ta gardama, aka sauke. Na ce bari in nemo taksi. Ya ce, "A'a. Kai za ka ɗauka."

Na ɗora akwatin ƙarfe a kai. Ni Lukuman, mai takardar shaida a bango, wanda ake kira patron. Muka ratsa Zongo a ƙafa, shi a gaba da butarsa, ni a baya, tun daga tasha, ta gaban masu shayi, ta gaban shagona. Mutane na cewa, "Kai, mutumin nan da tausayi yake!" Baba ya tsaya cak ya ce, "Faɗa musu." Na faɗa musu, da akwati a kai. Sau huɗu muka tsaya kafin masallaci, sau huɗu na faɗa.

Ya sa aka kira Liman da dattawan nan huɗu da Alhaji. Na kwance akwatin makunnin a gabansu. Na nuna musu wayoyin biyu, da inda ɗaya ta gaza na yi mata ƙari ranar Talata, da tabon tsohon liƙi a inda kowace ta fara zama. Ba na jin sun gane ko ɗaya. Alhaji ne ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ranar nan da ka fito, ta taga na ji ƙaurin darma. Na ce a raina, dubawa kawai aka ce ya yi." Ya dube ni, bai zage ni ba. Ya ce in tattara jakata in fita masa daga gida, kar in sake taɓa ko fitilarsa.

Ina bakin ƙofa na ji yana ba Baba haƙuri. Liman ya miƙa wa Baba mabuɗi. Baba ya ce kira zai koma, amma mabuɗin su riƙe abinsu. Shekara talatin ya yi yana kira kafin a kawo lasifika, kuma bakinsa bai taɓa kai maganar wani inda ba a aike ta ba.

Na jira shi a waje. Da ya fito na durƙusa na ce ya yafe min. Ya tsaya yana gyara hularsa. Ya ce, "Ba yau ba, Lukuman. Kwana goma sha tara ina zaune da mahaukaci a ɗaki ɗaya, ashe babu shi. Bari in ɗan zauna da hankalina tukuna."

Na kai akwatin har ɗakinsa. Assana ta nuna min inda zan ajiye da ƙafa.

Ajaratu ta ji labari kafin in iso. Ta dafa ruwa ta gasa min wuya. Na ci tuwo.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe uku

Mutum biyar sun zo sun karɓi rediyoyinsu ba a gyara ba. Sakatare ya aiko a kwashe kayan sautin jam'iyya, za a kai wa wani a Avédji. Mai shayi ya karɓi kuɗinsa.

Daga shago ba a jin kiran Baba, muryar ba ta wuce layi biyu. Sai na rufe tun rana ba ta karkata ba, na taka zuwa can na tsaya a gindin bango. Ya hau dakali, ya sa yatsu a kunne, ya kira. Muryar ta tsufa, tana karyewa a wajen ja, amma babu harafin da ya faɗi.

Na yi salla a sahun baya. Da aka sallame na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da shi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ba yau ba."

Gobe ma zan je.